Kwamfutar Baba Nomau da Haruffan Ibrananci

Jiya da la'asar ɗaya daga cikinku ya ce mini sa wa kwamfuta sabon harshe aikin minti biyu ne, har ya nuna mini a wayarsa. Ban yi masa musu ba. Na kai shekarun da musu ya fi aiki gajiyar da ni. Amma tunda yau ba wuta kuma ba mai kawo aiki, ku jawo benci ku zauna in gaya muku yadda na sa wa wata kwamfuta Ibrananci cikin minti ashirin, na kuma shafe fiye da shekara guda ina gyaran abin da hannuna ya ɓata.

Duk Funtua da Habu Tafireta aka san ni, ko da yake a cikinku ba wanda ya taɓa ganina a gaban tafireta. A gindin wata darbejiya kusa da kotu na koyi aiki, wurin Malam Garba Akawu. Wata shida na farko bai bar ni na buga ko harafi ɗaya ba. Aikina canza ribon, jera takardar kabon, da wanke haruffa da tsohon buroshin haƙori da kananzir. Takardar farko da ya ba ni ta cinikin gona ce, ta wasu mutanen Mahuta. Na buga ta tsaf, kwafi uku, ina jin kaina. Malam Garba ya ce in karanta da ƙarfi a gaban mai saye da mai sayarwa. Da na zo kan iyakoki sai mai sayarwar ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, in haka ne ai gonar ƙanena na sayar." Na sa gabas a inda ya kamata in sa yamma. Malam Garba bai zage ni ba. Ya yaga kwafi ukun, ya miƙo mini sabbi, ya ce duk abin da ba a karanta wa mai shi ya ji da kunnensa ba, ba a gama shi ba.

Kwamfutata ta farko ta hannu ce, daga Kano na ɗauko ta a kan cinyata cikin bas, irin mai ƙatuwar ƙeyar nan da sai mutum biyu suke sauke ta. Kayan aikina a lokacin ba su da yawa, kuma har yau ba su canza sosai ba: sukundireba biyu, buroshin fenti na share cikin inji, jakar faya-fayan sidi, ƙaramin janareta, da filash guda da nake ratayawa a wuya kamar laya. Masu kawo aiki kuwa iri-iri ne. 'Yan ƙungiyar manoman auduga da takardun taronsu, masu katin biki da ke son a cusa sunan kowane ɗan'uwa a shafi ɗaya, ɗaliban kwaleji da rubutun hannu kamar kaza ta yi tono, sai malaman Islamiyya da tambayoyin jarrabawa.

Jarrabawar wata Islamiyya ta Bakori ce ta fara koya mini cewa kwamfuta ba ta san dama da hagu ba sai an koya mata. Tambaya arba'in ce da Larabci. Na buga, sai na ga aya tana tsallakewa ta koma farkon layi, baka tana juya baya, lamba kuma ta nace sai ta tafi daga hagu zuwa dama a tsakiyar rubutun da ke tafiya daga dama zuwa hagu. Kwana uku na yi a kan shafi biyu. A nan na gane abu uku ne dole su haɗu kafin irin wannan rubutu ya tsaya da ƙafarsa. Na farko, ita kanta kwamfutar ta yarda cewa akwai rubutun da ke farawa daga dama. Na biyu, a ƙara mata kibod na harshen, don ta san wane maɓalli ne ke ba da wane harafi. Na uku, a samu zanen haruffan, wato abin da ke sa su fito a fuskar kwamfuta da kamanninsu. In babu na ukun za ka ga 'yan akwatuna a jere. In babu na farkon kalma za ta fito a juye. Na san wannan tun da daɗewa. Ku riƙe wannan, don kada ku zaci rashin sani ne ya jawo abin da zan faɗa.

Shekarar da aka yanke layin waya a yankin nan ita ce mafi muni da na gani a sana'ata. Wasunku suna makaranta a lokacin. Ba waya, ba intanet, an hana sayar da fetur a jarka, an taƙaita hawan babur, kasuwannin ƙauye a rufe. Mai janareta ba shi da abin zuba masa. Yini guda sai in zauna ba wanda ya leƙo sai mai fotokwafin katin shaida. A cikin wannan hali wata mata ta shigo shagon nan da farin takalmin asibiti. Ta ce sunanta Rifkatu, ma'aikaciyar jinya ce a Malumfashi, kuma an ce mata ni ne mai sa wa kwamfuta Larabci.

Na ce, "Ni ne. Wace makaranta ce?"

Ta ce, "Ba makaranta ba ce, Malam, kuma ba Larabci ba ne. Ibrananci ne. Na mahaifina ne."

Na ce ban taɓa ganin Ibrananci da idona ba sai sau ɗaya, a aikin wani ɗalibi shekaru da suka wuce. Ta ce an gaya mata shi ma daga dama ake fara shi, kuma ta zagaya Malumfashi kaf ba wanda ya yarda ya taɓa. Sai ta ƙara da abin da ya sa na ɗauki jakata. Ta ce idon mahaifinta na tafiya. Ciwon da ke cin gani daga gefe-gefe ne, irin wanda ba a dawo da abin da ya ci. Likita ya ce in an ci sa'a akwai shekara guda.

Washegari na shiga mota zuwa Malumfashi, na canza wata zuwa Kafur, daga nan muka taka da ƙafa ta cikin gonakin masara, don babur ba ya shiga. Mahaifinta Malam Ishaku ne, amma a ƙauyen Baba Nomau ake ce masa, sunan da iyayensa suka raɗa masa. A gidan masu addinin gargajiya aka haife shi, ya girma ya zama Kirista, ya yi 'yan shekaru a makarantar koyon aikin bishara can wajen Jos, ya dawo gida ya ci gaba da wa'azi da noma. Dogo ne, siriri, yana juya kai gaba ɗaya in zai dube ka, saboda ta tsakiyar ido kawai yake gani. Ya fito da wani tsohon akwatin ƙarfe, ya buɗe. Littattafan rubutu na 'yan makaranta ne a ciki, sun fi ashirin, duk an cika su da fensir.

Ya ce, "Malam Habu, kai manomi ne?"

Na ce, "Ɗan manomi dai, Baba."

Ya ce, "To za ka gane. A makaranta da Turanci aka koya mana Ibrananci. Sai Bature ya fassara kalma da abin da ya sani, mu kuma mu fassara nasa da Hausa. Kafin ta iso gida ta mutu. Akwai kalmar da na ga 'yan ajinmu sun ɗauka daɓen ɗaki ce. Ni da na duba inda take fitowa, na ga shanu, na ga dami, na ga iska, na ce wannan ai masussuka ce. Mutanen nan manoma ne irinmu. Suna da suna daban na ruwan da ake shuka da shi, da suna daban na ruwan ƙarshe da ke cika ƙwayar dawa. Ba sai mun bi ta Ingila ba kafin mu gaisa da su."

Shekara ashirin da wani abu ya yi yana tara irin waɗannan kalmomi, na noma da kiwo da girki da gini, kowace da ma'anarta da Hausar ƙauyensu. Yana so ya buga su da kansa, don ba mai iya karanta fensirinsa, kuma rabin bayanin ma a kansa yake, bai sauka a takarda ba.

Kwamfutar tana kan wani tebur a ɗakin da ya fi haske. Rifkatu ce ta saya masa ta hannu. Da na kunna ta na gane irinta. Masu sayar da su suna yi wa tsarin cikinta aski don ta yi sauri, su cire duk harsunan da suke ganin ba mai nema. Na shiga wurin saitin harshe, na zaɓi a ƙara rubutun da ke farawa daga dama, sai ta ce in sa faifan asali. Na sa nawa. Ya yi gurnani, ya tafi rabi, ya tsaya. Na fito da shi na ga duk ya karce. Na shafa masa man goge baki na goge da gefen rigata, dabarar da ke ci wani lokaci. Bai ci ba. Sau huɗu ina gwadawa. Ba intanet da zan sauko da komai. Abin da ya rage shi ne in tafi Zariya, inda layi ke aiki, in samo faifai mai kyau in dawo.

Ban tafi ba. Hanyar ba daɗi a lokacin, gaskiya ne, amma mutane na bi kullum. Na gaji ne kawai, kuma na tuna a filashin da ke wuyana akwai wani tsohon zanen haruffa da ɗalibin nan ya bar mini. Irin na rufa-ido ne. Shi ba ya koya wa kwamfuta Ibrananci. Haruffan boko ne yake sa wa riga. Ka danna harafin boko, a fuska ka ga na Ibrananci, amma a cikinta bokon ne take ajiyewa. Na zuba shi, na danna, haruffa suka fito manya-manya, kyawawa. Rifkatu ta yi murmushi. Baba ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, ya ce, "Alef ke nan."

Sai na ce masa kowace kalma daga harafinta na ƙarshe zai fara bugawa, ya dawo baya zuwa na farko, don ta fito daidai a ido.

Ya juyo da kansa ya dube ni. Ya ce, "A makaranta daga dama muke farawa."

Na ce, "Haka kwamfuta take, Baba."

Ya ce, "To, tunda haka take."

Sauran yinin muka yi shi muna liƙa haruffa a kan maɓallai. Ni ina yanka farar takarda ƙanana-ƙanana, shi yana rubuta harafi da baƙin maka, ni in liƙa in rufe da salatif. Ashirin da biyu ne, sai guda biyar da ke canza kama in sun zo ƙarshen kalma, kowanne da maɓallinsa, ba kamar Larabci da kwamfuta ke juya su da kanta ba. Na ƙara girman rubutu har kalma biyu ke cika layi. Na ce wa Rifkatu duk ƙarshen mako in ta zo gida ta kwafe aikin a filashinta. Ban ce mata ta kwafe zanen haruffan ba. Bai zo mini a rai ba. Aka ba ni tuwon masara da miyar kuɓewa, aka rako ni bakin hanya da buhun gyaɗa.

Wata bakwai Baba ya yi yana bugawa da yatsa biyu, da hantsi, duk ranar da aka kawo wuta. Ya gama kaf, ya jera kalmomin bi da bi, daga na harafin farko har na harafin ƙarshe. Ana cikin damina ta gaba aka yi wani hadari, wuta ta dawo da ƙarfi, ta ƙone kwamfutar har ƙaurin ya cika ɗakin. Rifkatu ba ta damu sosai ba, tunda aikin na filashinta. Ta kawo mini nan, ta ce in buga mata a takarda da manyan haruffa, don Baba ya duba da ɗan ganin da ya rage masa.

Na buɗe a wancan teburin. Hausar tana nan daram, ba abin da ya taɓa ta. Amma duk inda kalmar Ibrananci take, sai tarkacen haruffan boko da waƙafi da alamar tambaya da baka, a juye, ba kai ba gindi. Rigar ta tafi da kwamfutar da ta ƙone. Na kai hannu wuyana, sannan na tuna wancan filashin ya mutu tun watanni, cutar kwamfuta ta cinye shi daga injin wani mai katin biki, har na jefar. A lokacin layi ya dawo. Na kwana biyu ina sauko da irin waɗannan tsofaffin zane, sun fi goma. Kowanne da yadda ya raba haruffa a kan maɓallai. In ka sa wa aikin Baba wannan, ya ba ka shirme iri ɗaya. In ka sa wancan, ya ba ka wani shirmen. Ɗalibin da ya ba ni na asalin ko sunansa ban riƙe ba.

Zan iya cewa tsawa ce ta ci aikin. Ba wanda zai ƙaryata ni, don ba wanda ya san bambancin. Rifkatu ma da kanta ta ce, "Ikon Allah ne, Malam, ba laifinka." Na ce mata ta kai ni wurin Baba.

A lokacin ta dawo da shi gidanta a Malumfashi, saboda ganin ya ƙara ja baya, ƙauyen kuma ba kwanciyar hankali. Na same shi a zaure a kan kujerar roba, rediyo a cinyarsa. Bayan mun gaisa na gaya masa komai. Na ce maganar da ya yi mini ran nan, shi ne mai gaskiya. Kwamfuta na iya farawa daga dama. Ni ne ban je na samo abin da ake bukata ba.

Ya kashe rediyon. Sannan ya ce, "Da ka je Zariyar, kwana nawa za ta ɗauke ka?"

Na ce, "Yini ɗaya, Baba."

Ya ce, "Yini ɗaya."

Rifkatu tana tsaye a bakin ƙofa, ta fara cewa ko a haƙura, ya ɗaga mata hannu. Ya ce, "Hausar tana nan ka ce?"

Na ce tana nan.

Ya ce, "In ka karanta mini Hausar zan tuna kalmar. Idona ne ya tafi, ba kaina ba. Kai ka zama hannun. Wace rana ce ba ka da aiki?"

Ina da aiki kowace rana, amma na ce Talata da Alhamis.

Na ɗauki ɗaya daga cikin kwamfutocin shagon nan na kai gidan Rifkatu. A wannan karon na bi hanyar da ta dace. Na shiga saitin harshe, na zaɓi Ibrananci, na ƙara kibod ɗinsa, na gwada sauyawa da maɓallan alt da shif, na juya sakin layi ya koma dama. Minti biyun da kuke faɗa, ga shi nan, na yarda. Abin da ya biyo bayansa ne ba a nunawa a waya.

Kalma ta farko da muka gyara ta ci mana rabin awa. Ibrananci na da wasulla irin na Larabci, ɗigo-ɗigo da 'yan layuka a ƙarƙashin harafi, kuma Baba ya ce littafin na masu koyo ne, dole a sa su. Kowane ɗigo sai ka riƙe maɓalli biyu ka danna na uku. Zanen haruffan da na fara sawa yana jefa ɗigon gefe, ya zauna a ƙarƙashin maƙwabcin harafi. Na nemo wani da ke ajiye shi daidai, shi kuma bai san ƙa da ɗa da ɓa na Hausa ba, sai ya mayar da su akwatuna. Dole na raba: kalmar sama da zane ɗaya, bayanin ƙasa da wani. Kibod uku nake juyawa a shafi ɗaya, kuma in na manta wanne nake kai sai in buga layi guda na banza kafin in ɗaga kai.

Tsarinmu shi ne in karanta ma'anar da Hausa. Baba ya rufe ido ya faɗi kalmar, sannan ya bi ta harafi-harafi da sunayensu, da wasullanta. In buga, in karanta masa abin da ke fuskar kwamfuta harafi-harafi, shi kuma ya ce i ko a'a. Ya kafa doka tun ranar farko, cewa kalmar da bai ji ba ba ta shiga. Na ce masa maigidana na tafireta ma haka ya ce. Ya ce to maigidanka ya fi ka hankali. Bayan wancan zama na zaure, wannan ce kaɗai maganar da ya ƙara gaya mini a kan abin da ya faru, kuma da dariya ya faɗe ta.

Haruffan sun ba ni wuya. Akwai biyu, dalet da resh, da na yi wata guda ina haɗa su. Baba ya kama hannuna ya zana mini su da yatsa a tafi. Ya ce dalet tana da kafaɗa kamar mai ɗauke da garma, resh kuma ta sunkuya kamar mai cira. Daga ranar ban sake ɓata su ba. A hankali na fara rubuta wa kaina jadawali a bangon littafi, cewa wannan tarkacen bokon shi ne wancan harafin, har na kai ina cankar kalma kafin ya faɗa. Amma jadawalin bai isa a dogara da shi ba. Na gano tsohuwar kwamfutar tana mayar da harafin farko na layi babba da kanta, kamar yadda take yi wa Turanci, kuma a wancan zane babban harafi da ƙarami haruffa biyu ne daban. Wato tun Baba na bugawa take canza masa kalmomi a ɓoye, idonsa bai kama ba. Wannan ma da na kashe shi ran farko da bai faru ba.

Wata rana ina shirya shafukan a nan shago, Malam Yusha'u na Islamiyyar unguwarmu ya shigo da jarrabawarsa. Ya ga kibod ɗin da na liƙa wa haruffan Ibrananci ya ja da baya, ya ce, "Malam Habu, wannan kuma wane irin hatimi ne?" Na ce ba hatimi ba ne, haruffa ne. Na nuna masa ina faɗin sunayensu: alef, bet, gimel, dalet. Ya tsaya, ya maimaita a hankali, ya ce, "Alif, ba, jim, dal. Ashe 'yan gida ɗaya ne." Ya zauna ya sa na bi masa su har ƙarshe. Shi bai ɗauke aikinsa daga wurina ba. Wasu sun ɗauke, ba don haruffan ba, sai don sun zo Talata sun ga ƙofa a rufe, sun zo Alhamis sun ga haka. A cikin shekarar aka buɗe shaguna uku a layin nan, na samari masu kwamfutar cinya. Masu katin biki duk can suka koma, kuma ba su dawo ba.

Mun yi damina ɗaya da rani ɗaya muna wannan tafiya. Ranar da Baba ke da ƙarfi mu yi kalma talatin. Ranar da ya tsaya ba ni labarin yadda ake ɗaure dami a ƙauyensu, mu yi shida. Ban taɓa katse shi ba, don rabin abin da yake faɗa sai ya ce in ƙara a bayanin. Zuwa lokacin da muka shiga harafi na goma sha biyar ba ya ganin komai sai haske da duhu. Zuwa na ashirin muryarsa ta fara yin ƙasa, sai na kai kunnena kusa da bakinsa. Rifkatu ta ce zuciyarsa ce. Na ce masa ko in riƙa zuwa sau uku a mako. Ya ce a'a, in bar wa iyalina sauran kwanakin.

Mun gama harafi na ashirin da ɗaya wata Alhamis kafin azahar. Ya ce, "Saura ɗaya. Tav ba ta da yawa." Ranar Litinin Rifkatu ta kira ni ta ce Baba ya rasu da safe. Na je ƙauyen gaisuwa, na zauna da 'yan'uwansa a ƙarƙashin wata ɗorawa, Kirista da Musulmi da masu bin addinin iyayensu, kowa na ba da labarin gonarsa.

Bayan makonni Rifkatu ta zo ta ce in ƙarasa. Kalma sittin da uku suka rage. Na bi su da jadawalina, na duba a intanet, yawancinsu ina ganin na same su. Amma sau da yawa sai in ga kalma biyu ko uku masu kama da juna, bambancinsu ɗigo ɗaya, ban san wadda Baba yake nufi ba. Na gaya mata dokarsa. Ta ce to ya za a yi, ba za a bar littafi ba wutsiya ba. Muka shirya a kan in buga su, amma kowace in sa mata ɗan tauraro a gefe, a ƙasan shafin kuma a rubuta cewa mai littafin bai ji waɗannan ba.

Kwafi hamsin aka buga, a nan na ɗinke su da hannuna. Rifkatu ta raba wa majami'un ƙauyukansu da makarantar da Baba ya yi. Ga nawa can a saman kanta, wanda ke son gani ya wanke hannu ya ɗauko. Ku buɗe daga baya za ku ga taurarin. Bara wani malamin makarantar tasu ya biyo ta Funtua takanas, ya zauna a bencin nan da kuke kai, ya duba guda goma sha ɗaya kafin motarsa ta tashi. Ya ce bakwai daidai ne, huɗu ya gyara mini da jan biro. Ya ce zai dawo ya duba sauran. Na ajiye masa shafukan a cikin ambulan, na rubuta sunansa a kai. Saura hamsin da biyu, kuma har yanzu bai zo ba.